Hannun Milutin

Talata, 9 ga Oktoba 1984, da hantsi

Sun sallamo mana shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye. Ƙarti biyu ne suka hawo da shi bene kamar buhun dankali, yana ta hararar su, ni kuma ina gaba ina kawar da takalma daga hanya. Da suka kwantar da shi sai ya ƙura wa silin ido ya yi shiru. Milutin fa, mijina, mutumin da ko wurin jana'iza aka je sai ya samu wanda zai ja da gardama.

Na ce, "To tsoho, ga ka ga gidanka. Ko sannu da gida ba za ka yi mini ba?"

Ya motsa baki. Na gane abin da yake nufi, ba sai na rubuta yadda maganar ta fito ba.

Likita abu biyu ya ce: ya ci abinci, ya kuma riƙa sa hannun aiki. Ya ce in ya kwanta ya saki jiki, kwanciyar ce za ta cinye shi. Sauran maganar a bakin ƙofa ya faɗa mini da murya ƙasa-ƙasa, kuma a can na bar ta. Yaro ne ƙarami likitan. Wai mahaifinsa ya taɓa tsayawa cikin ƙanƙara a ƙofar zauren gari, yana bin wasan darar ces na Milutin a babban allon da ake ratayawa a waje. Kowa a nan garinmu Sombor sai ya ce ubansa ya tsaya a ƙanƙarar nan. Da gaske duk sun tsaya, ai da ƙasar wurin ta lotsa.

Na yi miyar kaza. Ya ɗan kurɓa ya kawar da kai.

Laraba, 10 ga Oktoba, da yamma

Biljana, 'yarmu, ta iso daga Belgrade da akwati guda da dokoki cike da baki. Kafin in gama haɗa kofi ta tattare duk allunan darar ces da ke gidan nan ta cusa a saman kabad: na falo, na kicin, har ɗan ƙaramin na aljihu da ya yi ta yawo da shi a jiragen ƙasa tun kafin yaƙi.

Ta ce, "Kada su tayar masa da hankali, Mama."

Na ce, "Ke kuma me kika bar masa? Silin?"

Ta ce ni ban san komai game da irin wannan ba. Gaskiyarta, ban sani ba. Amma na san mutumin. Da ta shiga wanka na taka kujera na sauko da babban allon katako, wanda aka ba shi a Ajantina, na ajiye a kan teburin gefen gado. Bai dube shi ba. Ni ma na yi kamar ƙura nake gogewa.

Juma'a, 12 ga Oktoba, da rana

Bai ci ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba, bayan labaran rediyo

'Yan Rashan nan biyu da ke neman kambun duniya a Mosko sun sake yin canjaras. Da can, da ya ji haka sai ya tashi tsaye ya hau rediyo da zagi, ya ce a zamaninsu ba a biyan mutum don ya zauna ya ɗumama kujera. Na ƙara murya da gangan lokacin da ake karanto tafiyar wasan, ina feraye dankali a bakin gadonsa.

Can sai na ga idonsa na tafiya a silin, hagu, dama, sama. Na san wannan tafiyar idon kamar yunwar cikina. Haka ya yi a ɗakin ɗaurin aurenmu, har sai da magatakarda ya maimaita masa tambaya. Da aka gama ya ja wani ɗan guntun tsaki.

Wallahi ban taɓa jin daɗin tsaki irin na yau ba. Na shiga kicin na gaya wa Biljana, ta dube ni kamar wadda ta fara zarewa.

Sai da yamma ya nuna allon da yatsan hagu. Na jera masa 'ya'yan. Ya daɗe yana kallon su, bai taɓa ko ɗaya ba, amma ya sha rabin kwanon miya.

Talata, 16 ga Oktoba, da la'asar

Mutanen kulob ɗin dara sun zo dubiya, Obrad shugabansu a gaba, da tuffa a jaka da kwalbar giyar rakiya da suka san sarai ba mai ba shi. Suka cika ɗaki da warin taba da "Maistor, ai ka warware, Maistor, ai ka fi mu ƙarfi." Haka suke ce wa gwani. Obrad ya ga allo a jere, ya murza hannu ya ce ko za a ɗan taɓa guda ɗaya. Milutin ya gyaɗa kai. Aka tayar da shi aka jingina da matasai.

Ya ƙi amfani da hagu. Hali zanen dutse, da dama ya yi wasa duk rayuwarsa, da dama zai yi. Hannun ya tashi, ya yi ta yawo a kan allo, ya nufi doki, sai ya sauka a kan igwa. A doka kuwa, wanda ka taɓa shi za ka matsar.

Obrad ya yi maza ya ce, "Ba komai, Maistor, ba komai! Doki kake so, mun gani. Ɗauki dokinka." Har shi da kansa ya ɗaga masa dokin ya kai inda yake zaton za a kai.

Aka ci gaba. Ya sake faruwa, aka sake cewa ba komai. Ni ma da bakina na ce, "Mayar, tsoho, ai a gida muke." Daga nan Obrad, wanda ba ya ba da ko karan ashana a banza, ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye a bakin dakare, ya dafe kai ya ce, "Kash! Ban gani ba!" Wasan kwaikwayon da ko 'yan firamare sun fi shi iyawa. Sauran suka hau tafi.

Milutin bai ci sarauniyar ba. Ya dubi Obrad, ya dube ni, ya zame daga matasan ya juya fuska bango.

Sun tafi suna cewa gajiya ce. Ni ma na so in yarda gajiyar ce.

Laraba, 17 ga Oktoba, da safe

Ba gajiya ba ce.

Na kwana ina tunanin gasar bakin teku ta shekarar hamsin da biyu. Biljana ba ta tuna ba, tana goye. Wasan ƙarshe ne, wanda ya ci shi zai tafi wurin masu neman kambun duniya, kuma Milutin na sama, makaho ma ya shafa allon zai san haka. Abokin karawarsa ya tashi ya je bayi, alƙalin wasa yana can bakin taga yana busa taba. Milutin ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa, yatsa ya gogi dakare ɗaya. Ba wanda ya gani. Ni da ke layin gaba ma ban gani ba. Ya zauna ya yi fari fat, sannan ya tura dakaren nan gaba, ya rusa ginin da ya yi awa huɗu yana yi. Doka ta ce ɗan da ka taɓa shi za ka tafi da shi. Dokar ba ta ce sai an gan ka ba.

A jirgin dawowa na yi masa wankin babban bargo tun daga bakin teku har Zagreb. Na ce ga jaririya, ga ɗaki ɗaya da muke haya, shi kuma ya je yana gwada wa bango gaskiya. Ya bar ni sai da na gaji, ya yanko tsiran da na ƙunso mana ya miƙo mini, ya ce, "Slavka, in na mayar da shi, gobe wa zai zauna a gabana? Wani ne, ba ni ba."

Bai sake samun wannan damar ba. 'Yan Rasha suka taso kamar fara, shekaru suka ja. Amma daga Sofiya har Buenos Aires, duk inda 'yan dara suka zauna shan kofi sai an ba da labarin dakaren Milutin, kuma ya fi kambun daɗewa a bakin mutane.

Wannan mutumin muka taru muka ce wa mayar, ba komai. Ni ce ma na fi ba kaina haushi, don su Obrad labarin suka ji, ni kuwa ina cikin jirgin.

Juma'a, 19 ga Oktoba, da rana

Duk unguwa warin gashin tattasai take yi, kowa na haɗa na hunturu. Ni bana ko kwalba ɗaya ban wanke ba.

Ya ƙi motsa hannun. In Biljana ta kawo ƙwallon roba da aka ce ya riƙa matsawa, sai ya bar ta ta gangara ƙasa. Shayi kawai. Na yi masa lallashi, na yi masa faɗa, na ce zan ba karen maƙwabta abincinsa, kare ya ci ya gode. Ko gezau.

Litinin, 22 ga Oktoba, bayan tafiyar likita

Ya auna shi, ya ja fatar hannunsa, ya kira mu kicin. Ya ce in sati mai zuwa ya dawo ya tarar da shi haka, zai mayar da shi asibiti. Biljana ta tambaye shi abin da ni ba zan tambaya ba. Shi kuwa sai ya hau gyara jakarsa.

Ta yi kuka a kan tebur. Na ce ta tashi ta yanka mini albasa, in dai kukan ne a yi shi da amfani. Ta ce ni dutse ce. To.

Da yamma

Na buga wa Tibor waya Subotica. Tibor kum ɗinmu ne, wato shi ya tsaya mana shaidar aure, ina ce masa kume yana ce mini kumo, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa rashin tausayi a kan allo a faɗin ƙasar nan. Ana gobe aurenmu ya cinye Milutin da agogo a wasan da shi Tibor ya riga ya faɗi, ya kuma zo biki ya ci ya sha ya yi jawabi. Rabin rayuwarsu sun yi ta suna hawa jirgi ɗaya, suna kwana ɗaki ɗaya a otal, da safe kuma kowa na neman wuyan ɗan'uwansa.

Na ce, "Kume, ka zo ka ci mutuncin amininka."

Ya ce, "Kumo, da tsufana za ki sa ni hawa bas? Ki ce masa ya aiko da sarkinsa ta gidan waya, ya hutar da mu duka."

Na ce, "Ba wasa nake ba. Ka zo ka yi wasa da shi kamar yadda ka saba. Kada ka raga masa ko gida ɗaya."

Ya ce, "Yaushe na taɓa raga wa wannan ɗan banzan?"

Laraba, 24 ga Oktoba, da la'asar sakaliya

Ya zo da kwat ɗinsa mai warin kafur. Tun daga ƙofa ya fara: "Ina tsohon macucin? Ka ga na fara gano lagonka shi ne ka kwanta, ko? Tashi, malalaci!"

Milutin ya juyo. Rabon da ya juyo don wani tun ranar su Obrad. Bakinsa ya ɗan karkace, na san dariya ce. Ya ce wata kalma da Hangariyanci wadda ba a faɗa a gaban mata, kuma ta fito tsaf. Tibor ya ce, "Ka ji! Abin kirki ne dai ya gagare shi."

Suka zauna. Na tsaya bakin ƙofa da tawul a hannu. Wasa ya yi wasa, har na ga jini ya dawo kumatun tsoho. Can hannun ya yi halinsa, ya nufi maharbi ya faɗa kan sarki. Tibor bai ce masa ya mayar ba. Milutin ya matsar da sarkin gida ɗaya. Na ce a raina, yawwa, Allah ya yi maka albarka, Tibor.

Daga nan wasan ya lalace masa, ko Biljana da ba ta san doki da jaki ba ta ga haka. Saura Tibor ya kawo igwa ya rufe zance. Ya ɗaga hannu, ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge. Ya mayar. Ya sake cirewa. Sai na ji ya ce, da wata irin murya, "Canjaras, kume?"

Canjaras! Daga bakin Tibor! A wasan da yaro ma zai gama!

Milutin ya dube shi ya daɗe. Sannan ya rufe ido.

A matakala na tare shi. Na ce, "Abin da na kira ka ka yi ke nan? Ka hau bas tun daga Subotica don ka zo ka ba shi sadaka?"

Ya jingina da bango, tsoho da shi, yana kuka kamar an ƙwace masa alewa. Ya ce, "Na kasa, kumo. Kin ga hannun? Na kasa."

Na so in rufe shi da duka, na so in rungume shi. Na ƙunsa masa burodi da cuku na ce ya yi sauri kada bas ta wuce.

Alhamis, 25 ga Oktoba, da safe

Ko shayin.

Da yamma

Ya kira ni da ido, ya nuna allon, ya nuna ƙofa. Na yi kamar ban gane ba. Ya tattaro ƙarfinsa, kalma ɗaya-ɗaya, sai da gumi ya tsattsafo masa a goshi: "Fitar. Sun riga sun binne ni."

Ban fitar ba. Na ce ya yi mini nauyi, bayana na ciwo.

Asabar, 27 ga Oktoba, da sassafe

Ni ma fa 'yar dara ce, ko da yake garin nan ya manta. Sau biyu ina cin kofin mata na lardinmu Vojvodina. A kan allo ma muka haɗu: ya zo makarantarmu ya kara da mu duka a lokaci guda, yana zagaya tebura kamar zakara, ya cinye kowa, ni kaɗai na tsaya masa a wuya. Da aka tashi ya ce sa'a ce, na ce ya dawo ya gwada. Ya yi ta dawowa har ya zama ba dara yake zuwa yi ba.

Shekarar farko ta aurenmu kullum sai mun yi, kullum sai an kwana ba a magana. In ya ci ni ba na girki, in na ci shi, abin da ba ya yawan faruwa, sai ya tafi kulob ya kwana a benci. Tibor ne ya sa mu muka rantse ba za mu ƙara zama allo ɗaya ba, ya ce bai tsaya shaidar aure don ya zo shaidar kisa ba. Mun riƙe rantsuwar nan fiye da yadda muka riƙe ta gaban magatakarda.

Mai rantsarwar ya zo ya yi kuka a matakalata. Ina ganin rantsuwa ta warware.

Tsoro nake ji. Na rubuta don in gani da idona: tsoro nake ji. In na yi, ban san ko zai tashi ba ko ƙarasa shi zan yi. In ban yi ba, likita na zuwa ran Laraba.

Asabar, da rana

Na sa rigata mai ruwan toka, na ɗaure gashi, na jawo kujera. Na ɗauko agogon wasa daga saman kabad na ajiye na murɗa shi da ƙarfi don ya ji.

Na ce, "Tashi, tsoho. Su duk tsoronka suke ji. Ni kuwa na san ba ka iya komai ba sai surutu, tun a makaranta na gane ka."

Bai motsa ba. Na tura dakaren sarki gida biyu na danna agogo. Na ce, "Lokacinka na tafiya. In ya ƙare zan buga wa Tibor waya in ce na cinye ka a kwance."

Agogo na ta ƙas-ƙas. Na zauna na harɗe hannu. Can ya juyo. Ya kira Biljana da hannu ta tayar da shi.

Kan nan nasa lafiya lau yake, wannan na tabbatar. Kafin in farga ya matse ni a gefe, ina ta neman numfashi. Sai na samu na kai wa sarauniyarsa hari da doki. Abu mai sauƙi, ya janye ta ya ci gaba da shaƙe ni. Hannun ya tashi. Na bi shi da ido ina roƙon Allah. Ya je daidai kanta, ya karkace, yatsa ya sauka a kan dakaren da ke gefenta. Dakaren har ya yi 'yar rawa.

Ya ɗago ya dube ni. Shekara talatin da wani abu muna tare, bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Jira yake ya ji me zan ce.

Na ce, "Ka taɓa."

Biljana ta ce, "Mama!"

Na ce, "Ke, ba a magana a wurin wasa. Ka taɓa, Milutin. Tafi da shi."

Ya tura dakaren. Na ɗauke sarauniyarsa na ajiye a gefena, har da ɗan ƙara. Bai kwantar da sarki ya miƙa wuya ba, ya yi ta fafutuka da abin da ya rage masa, ni kuma ban bar masa ƙofa ko taga ba. Na bi shi lungu-lungu har na kashe. Na tsayar da agogo na ce, "An gama. Wa zai wanke kwanuka?"

Fuskarsa ta yi jawur. Ya ɗaga hannun hagu ya share allon, 'ya'ya suka watse har ƙarƙashin kabad.

A kicin Biljana ta ce, "Ba ki da imani, Mama. Mutum yana wannan hali? In wani abu ya same shi, ke ce." Sai kofi ya suɓuce mini ya fashe.

Lahadi, 28 ga Oktoba, bayan coci

Ba ya kallo na. In na shiga sai ya rufe ido. Na kunna kyandir biyu, ban san me zan roƙa ba, na tsaya kawai har ƙafata ta yi sanyi.

Wataƙila yarinyar nan ta yi gaskiya.

Litinin, 29 ga Oktoba, da hantsi

Biljana ta shigo kicin tana wani irin kallo. Ta ce, "Baba ya ce wake yake so. Da ƙyafaffen haƙarƙari."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ta ce, "Kuma ya ce ni zan kai masa, ba ke ba. Ya ce in gaya wa matar nan, gobe bayan kofi, kuma shi ne da fararen 'ya'ya."

Matar nan! Na juya mata baya na hau tsince wake, ina ta tsintar wanda ba shi da komai. Ya cinye kwano guda, ya aiko a gaya wa matar nan gishiri ya yi yawa. Ƙarya yake, daidai yake.

Laraba, 31 ga Oktoba, da rana

Jiya na cinye shi, hannun ya ba ni igwa kyauta na kuma karɓa. Yau ma na cinye shi. Zaginsa kullum ƙara fitowa yake, yau har da jimla mai tsawo game da dangin uwata.

Likita ya zo ya tarar da shi zaune, ya zube busasshen wake a faranti yana ɗauka ɗaya-ɗaya da dama yana jefawa a kofi, yana huci. Ba wanda ya sa shi. Likita ya ce wane magani muka ƙara. Biljana ta ce ya tambayi uwarta. Bai yi maganar mayarwa ba, mu ma ba mu tuna masa ba.

Juma'a, 2 ga Nuwamba, da yamma

Tibor ya bugo, murya a sanyaye, wai yaya kum. Na ce ana ta casa shi kullum bayan kofi. Ya ce, "Ke? Rantsuwar fa?" Na ce ya kai ni ƙara.

Na ci uku, ya yi canjaras ɗaya, na gaske, da guminsa. Kunya nake ji in faɗa, amma daɗin cin nan nake ji har cikin raina. Ashe duk shekarun nan yunwarsa nake yi.

Litinin, 5 ga Nuwamba, da safe

Biljana ta koma bakin aikinta. A tasha ta rungume ni ta ce, "Har yanzu ban yarda da ke ba." Na ce ta riƙa sa hula, sanyi ya shigo.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Raina a ɓace yake, bari in rubuta tun da zafinsa.

Yau ina sama. Na tsare gidana da kyau, na fara shirin yadda zan yi masa dariya. Hannun nasa ya tashi zai je wurin igwa, ya yi rawar da ya saba, ya faɗa kan maharbi. Ya yi wani nishi mai ban tausayi, ya dube ni. Na ce, "Kada ka dube ni. Ka taɓa." Ya yi ta jujjuya maharbin nan yana neman inda zai sa shi, ƙarshe ya yar da shi a gaban sarkina, daidai bakin dakarena, ya sunkuyar da kai.

Na cafke. Ko tunani ban yi ba, kyauta ce, na saba karɓa.

Sai da na ɗaga hannu na ga abin da na yi. Dakaren nan shi ne ƙyauren ɗakin sarkina. Igwa ta shigo. Na gudu, sarauniya ta biyo. Na duba gabas na duba yamma, babu. Hannun da ke rawa tun safe ya ɗauko doki ya dasa a tsakiyar gidan, tsaf, ko kaɗan bai goga na kusa ba.

Ya jingina da matasai, ya ce, a hankali amma kowace kalma da ƙafarta, "Kwaɗayi, Slavka. Tun a makaranta."

Na ce, "Tsohon munafuki! Da gangan ka taɓa maharbin nan ko hannun ne?"

Ya ɗaga hannun ya juya shi gaba da baya yana duba shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Tambaye shi."

Na kwantar da sarkina, na tashi na shige kicin na rufo ƙofa. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da abin ya faru, na yi shi sosai, da tawul a baki don kada ya ji ya samu abin faɗa. Rabi murna ce. Rabin kuwa haushi ne tsagwaronsa, don wasan nan nawa ne, na riga na ci shi.

Yana can yana buga cokali a jikin kofi, wai a kawo abinci. Ya jira. Gobe ni ce da farare.